Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga sarakuna, limamai da dattawan Hausawan Gadarif, Sinnar da Nil Azrak

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe iyayenmu sarakuna da umdodi, Allah ya gafarta malamai, Allah ya ƙara wa dattawa girma da lafiya. Ni ɗanku ne, haifaffen Gadarif a nan Sudan, ɗan mai agashe. Mahaifina, Allah ya jiƙansa da rahama, ya shafe shekaru fiye da talatin yana kafa tsinke a bakin kasuwa, kuma da kuɗin tsinken nan ya sa ni makaranta har na zama ma'aikacin jinya. Na fara da wannan ne don ku san cewa abin da zan faɗa kan abincinmu ba raina sana'a ba ne, a cikinta na tashi, hayaƙinta na shaƙa. Na sha yin maganar nan a zaure da ƙofar masallaci, mutum biyu, mutum uku, kowa ya ce gaskiya ne, a watse. Shi ya sa yau na rubuta ta a fili, ko ta isa Maiurno da Damazin da Kasala, har da 'yan'uwanmu na Kano da Makka da kullum suke bugo waya suna tambayar yadda muke.

Bari in fara da cikin gidanmu, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Matar ƙanena ta yi gudun hijira sau biyu cikin shekara biyu. A watan Yulin 2022, lokacin rikicin Nil Azrak, suka bar Rusairis da abin da ke jikinsu suka koma Sinja. A ƙarshen watan Yunin 2024 yaƙi ya cim musu a Sinja, suka sake tashi, suka biyo ta Dindir cikin ruwan damina da taɓo, wani wuri a mota, wani wuri a ƙafa. Ɗanta na fari ya rasu a hanya. An binne shi a gefen wata gona, har yau ba ta san sunan ƙauyen ba. Ta iso mana da goyon ɗan wata goma a baya, ba ta kuka, ba ta magana. Muka ce mai haƙuri ce, muka yi ta yaba mata.

Wannan baiwar Allah a da ita ake buga misali da ita a danginmu wajen tsafta. Kwanonta sai ka ga fuskarka a ciki. Amma da ta zo sai ta zauna a lungun ɗaki ta juya fuska ga bango. Sai a kwana uku ba ta yi wanka ba. Za ta dama wa yaro kunu da safe, ta ba shi cokali biyu, ta ajiye kwanon a buɗe, ƙuda na sauka na tashi, da la'asar in ya yi kuka ta jawo kwanon nan ta ci gaba da ba shi. Ba a daɗe ba yaro ya fara zawo. Na haɗa masa ruwan gishiri da sukari, na samo masa ƙwayar zinki, ya warware. Bayan mako biyu ya koma. Ya sake warwarewa, ya sake komawa, yana ramewa, idanu na faɗawa. Matan gida suka fara ƙananan maganganu: ƙazama ce, malalaciya ce, wacce ta rasa ɗa ɗaya ai ya kamata ta riƙe na biyu da kyau. Wata gwaggonmu ta ce iska ce ta shige ta a dajin da suka ratso, a nemo mai hayaƙi.

Ni da nake aikin jinya, muna kwana gida ɗaya, idona na kan yaron, ban taɓa tsayawa na dubi uwar ba. Wannan abu yana damuna har gobe. Sai a karo na uku da muka kai shi asibiti, wata likita matashiya, ita ma yaƙi ne ya koro ta daga Khartum, ta gama duba yaro, ta rubuta magani, sannan ta ajiye biro ta dubi uwar ta ce, "Ke kuma fa, 'yar'uwa, yaya barcinki?" Shiru. Can sai ta ce rabonta da barcin kirki tun daren da suka bar Sinja, duk lokacin da ta rufe ido sai ta ga gonar nan. Sai ta fashe da kukan da ba ta yi ba tun ranar da ta sa ƙafa a gidanmu. Likitar ta ce ciwon tsananin damuwa ne, wanda a nan ake kira ikti'ab, ga kuma firgicin abin da ta gani. Ta ɗora ta a kan magani, ta ce a yi haƙuri, ba ya nuna aikinsa sai bayan 'yan makonni, kada a daina da an ga sauƙi. Ta kira matata gefe ta ce a karɓe mata girkin yaro na wani lokaci, a riƙa zama da ita, a bar ta ta faɗi sunan ɗanta. Kafin wata uku ta fara shara da kanta. Zawon yaro kuwa tun daga lokacin bai dawo ba.

Ranku ya daɗe, yaron nan cikinsa muke ta yi wa magani alhali tushen ciwon yana zuciyar mahaifiyarsa. Tun daga ranar na daina ganin ciwon da ake ɗauka a abinci da ciwon ƙwaƙwalwa a matsayin abubuwa biyu masu nisa da juna. Gida ɗaya suke shiga, talauci ɗaya da gudun hijira ɗaya ke buɗe musu ƙofa, kuma abu ɗaya ke ba su mafaka a cikinmu, wato kunyar kiran sunansu.

Kun tuna shekarun 2016 da 2017, lokacin da mutane ke mutuwa da amai da gudawa a jihohi da dama, amma a hukumance "gudawar ruwa" ake cewa, ba a furta kalmar kwalara. Mun ga illar hakan. To mu ma abin da muke yi ke nan a gidajenmu. Yaro na zawo kamar ruwan shinkafa sai a ce haƙori ne, ko shawara ce, ko sanyi ya kama shi. Babba na zagayawa sau goma sai ya ɓoye don kada a ce gidan wane ƙazamai ne, ko kada a daina sayen abincin matarsa. Budurwa ta daina ci ta daina magana sai a rufe ta a ɗaki don kada manema su ji. Ba a zuwa asibiti sai jiki ya saki, ba a neman likitan ƙwaƙwalwa sai an fara jifa da duwatsu.

A ranar 26 ga Satumban 2023 aka ayyana ɓarkewar kwalara a nan Gadarif, wata biyar bayan yaƙin da ya tashi ranar 15 ga Afrilu. A watan Agustan 2024 aka sake ayyana ta, Kasala da Gadarif na cikin inda ta fara tsanani. Na yi aiki a rumfar masu kwalara duka lokutan biyu. Abin da nake so kowane liman ya sani shi ne, cutar nan tana iya kashe ƙaƙƙarfan namiji cikin awoyi, ba don komai ba sai don ta tsotse ruwan jikinsa, amma in an mayar masa da ruwan da wuri, cikin mutum ɗari da wuya a rasa ɗaya. Ƙwayar cutar ta baki take shiga, ta ruwa ko abincin da bayan gida ya taɓa, kuma tana iya ɗaukar daga awa 12 zuwa kwana 5 kafin ta nuna kanta. Mutane da yawa suna ɗauke da ita ba tare da sun kwanta ba, suna yaɗa ta ba su sani ba. Maganin farko kuwa yana kowane gida: lita 1 ta ruwan da aka tafasa ya huce, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokalin shayi na gishiri. A fara ba mara lafiya tun a gida, a ci gaba da ba shi a kan hanya, ko yana amai a dakata kaɗan a sake ba shi kurɓi-kurɓi. Wannan bayani bai fi numfashi uku ba a huɗuba. Na rantse da an maimaita shi a mumbari kamar yadda ake maimaita sanarwar ɗaurin aure, da wasu da muka binne suna nan da ransu.

Akwai wani bawan Allah da duk wanda ke shiga kasuwarmu ya san shi, mai taɓin hankali ne, yana yawo da buhu a kafaɗa, ba ya taɓa kowa. Abincinsa shi ne ragowar da masu abinci ke juyewa da yamma, ruwansa kuwa duk inda ya tarar. A daminar 2024 aka wayi gari aka gan shi kwance bayan rumfuna cikin ƙazanta. Ya yi kusan yini a nan, mutane na ratse shi, don an saba ganinsa a kwance. Da wasu samari suka ɗauko shi a amalanke suka kawo mana, jijiyarsa ta riga ta ɓace, da ƙyar muka samu inda za mu sa ƙarin ruwa. Bai kai asuba ba. Babu wanda ya san sunansa na yanka da za a rubuta a takarda. Irinsa su ne na farko da annoba ke ɗauka, su ne na ƙarshe da ake tunawa da su. Kuma ragowar abincin da ya yi tsami da muke miƙa musu muna kiranta sadaka, ina roƙon malamai su gaya mana ko sadaka ce.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa mutum miliyan 600 ke kamuwa da ciwo kowace shekara ta dalilin gurɓataccen abinci, dubu 420 daga ciki suna mutuwa, kuma dubu 125 daga mamatan yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Wannan magana ta shafe mu kai tsaye, domin a ƙasar nan abincin titi da yawa a hannunmu yake. Agashe namu ne, sunansa ma Hausa ne, duk Sudan ta karɓe shi. Godo-godo namu ne. Gyaɗa da dakwa, 'ya'yanmu mata ke tallarsu. In aka ce wani ya ci ya kwanta, sunan Bahaushe ake kira, kuma kun san a irin wannan zamani ba ma bukatar ƙarin abin da za a jingina mana.

Na san teburin mai agashe kamar tafin hannuna. Wuta ba ita ce matsala ba, naman da ya gasu sosai har ciki ƙwayar cuta ba ta rayuwa a cikinsa. Matsalar tana kan wuƙa da katako. Wuƙar da aka feɗe ɗanyen nama da ita da rana, ita ake yanka albasa da lemon tsami da ita da dare, a watsa a kan naman da ya gasu, an mayar masa da abin da wuta ta kashe. Tsumma ɗaya ake goge hannu da wuƙa da faranti. Hannun da ya karɓi kuɗi shi ke barbaɗa yaji. Sai kuma kwantai: tsinken da bai ƙare jiya ba, sai a ɗumama shi yau a gefen garwashi. A garin da zafi ke haura digiri 40 a bazara, ga wutar lantarki ba tabbas, dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa 2 a ajiye ba, sai dai a riƙe shi da zafinsa sama da digiri 60, ko a sanyaya shi ƙasa da digiri 5. Wasu ƙwayoyin cutar ma guba suke zubawa a cikin abincin, wadda ɗumame ba ya kashe ta, shi ya sa za ka ji mutum na rantsuwa ya ɗumama sosai amma duk gida sun kwana amai. Mahaifina yana da al'ada ɗaya da a lokacin nake ganin asara ce: in dare ya yi tsinke ya rage, a take yake rabar da shi da zafinsa ga almajirai da masu gadi, ba ya kai shi gobe. Ya kan ce nama ba ya kwana a hannun mai tsoron Allah. Sai da na yi karatu na gane ilimin da ke cikin maganarsa.

Gyaɗar da muke yin garin agashe da dakwa da ita ma tana da nata hatsarin da ba a gani nan take. In ta sha danshi a ajiya ta yi fumfuna, tana haifar da wata guba, aflatoksin, wadda suya ba ta kawar da ita, tana taruwa a hankali tana lalata hanta, har ta kai ga sankara. Ɓarar gyaɗar da ta yi baƙi, ta yanƙwane, take ɗaci, wadda ake sayarwa da araha don a niƙa, ita ce abin gudu. Haka madarar da ba a tafasa ba, ita ke kawo zazzaɓin maltiya da mutanenmu na karkara ke fama da shi wata da watanni ana ta yi musu maganin cizon sauro.

Ruwa kuwa kun fi ni sanin halin da Gadarif ke ciki tun kafin yaƙi. Garin dawa da riɗi, mai ciyar da ƙasa, amma ruwan sha sai an saya a karo, gangar da jaki ke ja, kuma ba kowa ya san inda mai karo ya ɗebo ba. In ya iso gida a juye a zir, wato randa, a ɗora moɗa ɗaya, yaro ya tsoma hannu har wuyan hannu, babba ya sha ya mayar. Randunan sabil da muke ajiyewa a ƙofar gida don lada, wa ke wanke su, sau nawa a mako? Ƙanƙarar da ake jefawa cikin abre da hilu-mur, abubuwan shanmu na buɗa baki lokacin azumi, da wane ruwa aka yi ta? Sanyi ba ya kashe ƙwayar kwalara ko ta taifot, ajiye ta kawai yake yi. Ƙwayar kulorin da ake rabawa wasu na zubar da ita, suna cewa tana canza ɗanɗano, wasu ma na raɗe-raɗin tana hana haihuwa. Wannan ƙarya ce, kuma bakinku ne kaɗai zai kashe ta. A jefa ta yadda aka umarta, a jira minti 30, a sha. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi umarni a rufe ƙwarya a ɗaure bakin salka. Mun haddace hadisin, saura mu rufe randa.

Ina jinjina wa matasa da iyaye mata masu takiyya, waɗanda suka kafa manyan tukwane a makarantu da masallatai suna ciyar da 'yan gudun hijira da wake da adas da balila, wani lokaci da kuɗin aljihunsu. Allah kaɗai zai biya su. Amma babbar tukunya tana da nata sharaɗi, domin in ta gurɓace ba gida ɗaya za ta kwantar ba. Tukunya mai zurfi tana daɗewa ba ta huce ba, tsakiyarta na nan ɗumi-ɗumi awa da awanni, kuma wannan ɗumin shi ƙwayoyin cuta suka fi so. A dafa a raba nan take. Wanda ke zawo kada ya taɓa ludayi ko da shi ne shugaban girki. Haka abincin zaman makoki. Na ga gidan da aka yi rashi da kwalara, matan da suka wanke kayan mamaci su ne suka shiga girkin baƙi, kafin sadakar bakwai an sake fitar da gawa daga layin. Da kwanon wanke hannu guda da mutum goma ke tsomawa kafin cin tuwo: na ƙarshe wanka yake yi wa hannunsa da dagwalon na farko. Buta da sabulu, a zuba wa kowa ruwa mai gudu, ai ba baƙon abu ba ne a wurin masu alwala sau biyar.

Yanzu in koma ga ɗaya ciwon, wanda ya fi nauyi a baki.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasin cewa a wuraren da yaƙi ya shafa, kusan mutum ɗaya cikin biyar na fama da wani nau'in ciwon ƙwaƙwalwa, daga damuwa da fargaba da firgicin abin da aka gani, har zuwa mai tsanani. Yaƙin nan ya raba mutum sama da miliyan 10 da gidajensu. Ku dubi sahun sallar Juma'a ku yi lissafi da kanku. Ba duka ne ke yaga riga ba. Akwai magidancin da ya rasa shagonsa a Madani, yanzu ba ya fita, abu kaɗan ya hau matarsa da duka. Akwai yaron da ya koma fitsarin kwance yana shekara goma, in ƙofa ta buga sai ya shige ƙarƙashin gado. Akwai mai jegon da ta fara sambatu kwana kaɗan bayan haihuwa. Akwai samarin da suka faɗa ƙwaya don su samu barci. Akwai kuma masu tsohon ciwo da suke zaune lafiya shekara da shekaru a kan maganinsu, yaƙi ya yanke maganin, ciwo ya dawo sabo. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa biyu da ƙasar nan ta dogara da su, na Tijani al-Mahi a Umdurman da na Taha Ba'ashar a Bahri, duk suna babban birni, inda wutar ta fara tashi.

Allah ya gafarta malamai, ga inda nake neman ku da gaske. Mutanenmu wurinku suke fara zuwa, kuma ban ga laifin hakan ba. Addu'a da karatun Alƙur'ani suna sanyaya zuciya, na gani da idona. Shi kansa Tijani al-Mahi, wanda aka haifa a Kawa a 1911 ya rasu a 1970, likitan ƙwaƙwalwa na farko a Sudan, wanda ake kira uban wannan fanni a Afirka, bai yi gaba da shehunai ba. Ya zauna da su, ya saurare su, ya yi kira a yi aiki tare. Hanyarsa nake roƙon mu bi. Amma akwai abubuwan da ba zan iya yin shiru a kansu ba. Mari a ƙafa har ya ci nama ya yi gyambo. Bulala da sunan ana dukan aljani, alhali fatar ɗan Adam ce ke fashewa. Hana mara lafiya abinci mai gina jiki wata da watanni, sai gaya ba miya. Cewa ya zubar da maganin asibiti don wai yana karya ruƙiyya. Wanda shari'a ta ce an ɗauke masa alƙalami har sai ya samu lafiya, da wane dalili mu za mu hukunta shi? Kuma wanda baƙin ciki ya kwantar, kada a ce masa raunin imani ne. Annabi Yakubu, alaihis salam, ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, kuma annabi ne.

Akwai wani abu da nake so kowane malami mai karɓar marasa lafiya ya riƙe. Ba duk sambatu ne ciwon ƙwaƙwalwa ba, balle aljani. Zazzaɓin taifot in ya yi tsanani yana sa mutum ruɗewa da surutai. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai haka. Tsoho ko yaro da zawo ya ƙarar wa ruwan jiki yana iya daina gane mutane. Duk wanda hankalinsa ya juya farat ɗaya, musamman in jikinsa da zafi, ko yana amai, ko wuyansa ya sandare, a yi masa addu'a a mota, a kan hanyar asibiti. Kwana ɗaya na jinkiri yana iya zama ajali. Sannan rubutun sha: don girman Allah a wanke allo da ruwan da aka tafasa, a tsaftataccen kwano, da wankakken hannu. Ayar Allah ta fi ƙarfin a haɗa ta da ruwan kududdufi, kuma wanda ake ba shi sau da yawa jikinsa ya riga ya yi rauni. In mutum kuma ya fara cewa ya gaji da duniya, gara ya huta, kada a ce masa ya yi istigfari kawai a tashi a bar shi. A zauna da shi, a kawar da abin da zai iya cutar da kansa da shi, a kai shi ga likita a ranar.

Ranku ya daɗe sarakuna, ku ke da ƙofar shiga wurin hukuma, mu ba mu da ita. In kun zauna da masu kula da lafiya na jihohinmu, ku roƙa mana a horar da ma'aikatan ƙananan asibitocin unguwa su iya gane ciwon ƙwaƙwalwa su kuma ba da maganin farko. Ba sabon abu ba ne, tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ke da shirin da aka tsara don wuraren da ba su da ƙwararrun likitoci, kuma magungunan da ake bukata tsofaffi ne masu araha, matsalar ita ce yankewarsu. Ku roƙa a riƙa auna kulorin a wuraren da masu karo ke ɗibar ruwa, a zuba musu a ganga tun a can. Game da masu abincin titi kuma, a sauƙaƙa musu katin lafiya, a koya musu, a sa musu wurin wanke hannu da makewayi a kasuwa. Kwashe wa mai shayi kujeru ko kifar da tiren yarinya ba ya koya wa kowa tsafta, sai dai ya koya masa gudu, gobe ya koma lungun da ya fi ƙazanta. Kuma a yi bayanin da Hausa. Akwai tsofaffinmu mata a ƙauyukan bakin kogi da Larabcin rediyo ba ya shigarsu sosai, kuma su ne ke riƙe da jikoki da randa.

Amma ba komai ne sai an jira hukuma ba. Sarkin fawa da shugaban masu agashe za su iya tara mutanensu gobe su yi dokar wuƙa biyu da katako biyu. Kakanninmu da suka taso bayan yaƙin Burmi a 1903, suka ratso daji har suka kafa Maiurno a bakin kogi, su ma sun binne 'ya'ya a hanya, su ma sun iso da zukata a karye, kuma da tsarin unguwa da mai unguwa da liman suka riƙe juna. Tsarin nan yana nan. Kowane mai unguwa ya san gidan da aka kulle wani a ɗaki. Kowace ungozoma ta san mai jegon da ba ta dariya. Abin da ya rage shi ne babba ya fara furtawa a bainar jama'a cewa ciwo ne, yana da magani, kuma ba abin kunya ba ne a aurar da 'yar gidan da aka taɓa yin sa.

Matar ƙanena yanzu tana taya girki a takiyyar makarantar da ke kusa da mu. Ita ce ke tsayawa da buta a bakin layi tana zuba wa yara ruwa a hannu. In ta ga mace ta zauna gefe ba ta magana, sai ta je ta tsuguna kusa da ita ta yi mata tambayar da aka taɓa yi mata.

A bayan layinmu kuwa akwai wani saurayi, wata na bakwai ke nan da mari a ƙafarsa. Ta taga ake miƙa masa abinci, kwanon jiya ake zuba na yau, kuma damina ta kusa. Na je wurin mahaifinsa sau biyu, ya karɓe ni da mutunci, ya ce in bar wa Allah. Ni yaro ne a wurinsa, a gabansa aka yi sunana, ba zai ji tawa ba. Zai ji ta liman, zai ji ta mai unguwa. Na riga na yi magana da likitan da ya yarda zai duba shi. Ina roƙon dattijo ɗaya daga cikinku ya raka ni gidan ranar Juma'ar nan bayan an sauko daga masallaci.

Wassalamu alaikum.

Ɗanku, ma'aikacin jinya, daga Gadarif.